Fedar Shimano SPD-SL ga mai tseren keke da ƙafar roba

Keken tseren da'ira ba shi da birki, fedarsa kuma ba ta tsayawa muddin taya na juyawa. Ƙafa ta kuɓuce, feda ta dawo ta make ƙwauri. Ga 'yan rukunin C1 zuwa C5, wato 'yan tsere masu nakasar jiki da ke hawa keke mai taya biyu, musamman mai ƙafar roba, nan ne gizo ke saƙa.

Fedar SPD-SL ta kamfanin Shimano faffaɗa ce, tana riƙe takalmi gam. Farantin da ake ɗaurewa a ƙasan takalmi iri uku ne: rawaya yana barin ƙafa ta karkata digiri 6, shuɗi digiri 2, ja ko kaɗan. Gefen ƙafar roba ja ya fi dacewa, tunda ba idon sawu mai gyara karkata. Gwiwa mai lafiya kuwa a bar mata shuɗi ko rawaya, kada ta yi ciwo.

Noti uku ke riƙe farantin, ana ɗaure su da alanki mai milimita 4. Aibinsa, roba ce, tafiya a kan siminti tana cinye bakinsa, sai ƙafa ta fizge daga feda lokacin tashin tseren kilomita 1. A ƙara ɗaure sifirin fedar, a zagaya maɗauri bisa takalmin, a sauya farantin da zarar bakinsa ya lashe.