Dayis ɗin Lee na 7.5x54: yadda tsohuwar bindigar Faransa ta dawo tana magana

Wata takwas kenan ina aiki da wannan dayis ɗin na kamfanin Lee, wato ƙarafan da ake ɗaurawa a injin hannu don a matse kwanson harsashi a sake ɗura shi, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani ko wani zai amfana. Ni ɗan Damagaram ne amma ina zaune a Amurka, a nan doka ta yarda mutum ya haɗa harsashinsa a gida in dai don kansa ne ba sayarwa ba, to maganata ta nan ce, kar wani a gida ya ɗauka haka dokar take a wajenmu.

Bindigar tawa MAS-36 ce, ta masana'antar Saint-Étienne a Faransa, tana cin harsashi biyar, banatinta (wuƙar bakin bindiga) kamar tsinke yana ɓoye a ƙarƙashin bututu sai ka zaro ka juya shi, kuma ba ta da makullin kariya ko ɗaya. Kakana sojan Faransa ne, ya je Indoshin (yankin Vietnam da maƙwabtanta), akwai hotonsa riƙe da irinta, ranar da na gan ta a wani shagon tsofaffin bindigogi wallahi ban iya wucewa ba. Sai bayan na kawo ta gida matsalar ta fito. Harsashin 7.5x54 tun 1929 Faransa ta fito da shi, kuma kusan ita kaɗai da ƙasashen da ta mallaka suka yi amfani da shi. Yanzu kamfanin Prvi Partizan na Sabiya ne ke yin sabo, in ka samu ka more, amma sai a yi watanni shaguna babu. Tsohon na soja kuma faraimarsa, wato 'yar hular gindin kwanso da ke kunna albarushi, irin ta Berdan ce, wadda kwansonta ke da ƙananan ramuka a gefe maimakon ɗaya a tsakiya, ba ya ɗuruwa da kayan da muke da su, ga shi wani yana cin bututu da tsatsa in ba ka wanke nan take ba.

Wani dattijo a filin harbi ne ya ce min in nemi kwanson 6.5x55 na Suwidin, gindinsu kusan ɗaya ne da na Faransa, wuya kawai za a buɗe daga milimita 6.5 zuwa inci .308 a rage tsawo ya dawo milimita 54. Na sayi dayis ɗin Lee, bai kai dala hamsin ba, a cikin akwatin akwai na matse kwanso, na zaunar da kan harsashi, har da mariƙin gindin kwanso wanda wasu kamfanoni daban suke sayar maka da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne sandar da ke buɗe wuyan kwanson. Doguwa ce mai tsini a hankali, ba dunƙule ba ce, saboda haka tagullar tana buɗewa sannu sannu ba a fizge ta lokaci guda ba. Kuma yadda aka riƙe ta, in ta ci karo da abu mai tauri sai ta zame sama maimakon ta karye. Wannan ya cece ni ranar da wani kwanson Berdan ya shiga cikin sauran ban lura ba, na danna hannun injin na ji ya tsaya cak, na ce shi kenan allurar bakin sandar mai ture tsohuwar faraima ta tafi, ina kwancewa na tarar lafiyarta ƙalau, mayar da ita kawai na yi na ɗaure.

Amma fa dayis ba ya yin aikin shi kaɗai. Hamsin ɗin farko da na yi, bakwai sun tsage a wuya, saboda kwanson an riga an harba su sau da yawa tagullar ta yi tauri. Da na fara gasa wuya da kafaɗa da wuta kafin in buɗe, wuya da kafaɗa kawai, gindi ba a bari zafi ya kai masa don in ya yi laushi haɗari ne babba, sai tsagewar ta tsaya, hamsin na biyu ko ɗaya ban rasa ba. Maiƙo ma dole ne, har cikin wuyan, amma kaɗan, in ya yi yawa kafaɗa za ta lotsa. Sannan a nemi kwanson Turai irin su Lapua ko Norma, domin wasu 6.5x55 da ake yi a nan Amurka gindinsu ya ɗan fi siriri, a ɗakin harsashin MAS sai ka ga sun kumbura ta ƙasa.

Harbin farko shi ne ke ƙarasa aikin, kwanson yana buɗewa ya ɗauki siffar cikin bindigar, kafaɗar ta fito tsaf. Ba zan rubuta awon albarushi a nan ba, kowa ya bi littafin da aka buga ya fara daga mafi ƙanƙanta. Kuma kafin komai a kai wa gwani ya duba bindigar, don da yawa daga waɗanda aka shigo da su Amurka an sake musu ɗakin harsashi zuwa na wani harsashi daban, .308 Winchester, in taka irin wannan ce dayis ɗin ba naka ba ne. Abu ɗaya da nake kiyayewa sosai, gindin kwanson har yanzu 6.5x55 ke rubuce a jiki, don haka akwatinsu daban nake ajiyewa da babban rubutu da jan alƙalamin maka.

In na samu kwanson 7.5 na asali ina saya, ya fi sauƙi, kuma da wannan dayis ɗin dai nake sake ɗura su. Ranar Asabar da ta wuce na harba ashirin a yadi ɗari, na ɗauki hoton takardar na tura wa babana a WhatsApp tare da hoton mahaifinsa, har dare muna waya yana ba ni labarin tsohon.