Detour: fim ɗin talakawa da ya hana ni barci

Ƙanena ne ya tura min shi a waya, ya ce, "Yaya, minti 68 ne kacal, kalle shi kafin cajinka ya ƙare." Sunansa Detour, fim ɗin Amurka na 1945, baƙi da fari. Edgar G. Ulmer ne ya ba da umarni a ƙarƙashin PRC, ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin Hollywood da kullum aljihunsu a bushe yake.

Talaucin kuwa ba ya ɓoyuwa. Inda ya kamata a nuna titin New York, sai suka turnuƙe wurin da hazo don kada ka gane babu titin. Motar ma a tsaye take, hoton hanya ne ke gudu a bayanta. Akwai wurin da na ga sitiyari ya koma dama, motoci na bin hannun hagu sai ka ce Ingila. Ashe juya hoton aka yi. Sai da na mayar baya sau biyu ina dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Al Roberts, wanda Tom Neal ya fito a matsayinsa, makaɗin fiyano ne a New York da ya kama hanyar Los Angeles wurin budurwarsa Sue, babu kuɗin mota, sai roƙon a rage masa hanya. A Arizona wani ɗan caca, Haskell, ya ɗauke shi. Cikin dare ana ruwa Al ya buɗe ƙofa, mutumin ya faɗo, ba rai. Maimakon ya kira 'yan sanda, sai ya ja gawar cikin jeji, ya kwashe tufafin mamacin da kuɗinsa da motarsa, har da sunansa.

Daga nan ya rage wa Vera hanya, kuma saboda ita nake rubutun nan. Ann Savage, wadda ta fito a matsayin Vera, ba ta yi ƙoƙarin burge kowa ba: gashi a hargitse, ido kamar na shaho, baki kamar reza. Ita ce ta yi wa Haskell karcen da muka gani a hannunsa, don haka ta san motar, ta san wannan ba mai ita ba ne. Yadda ta farka daga barci ta jefa masa tambayar ina ya kai gawar, wallahi sai da na gyara zama. Daga lokacin Al ya zama raƙumi, akala tana hannunta.

Ni dai ban yarda da Al ba. Shi ke ba mu labarin duka, yana zaune a wani gidan abinci a Reno yana kukan ƙaddara. Gawa biyu, kowacce wai tsautsayi ne, ta biyun ma, wato ta Vera, da igiyar tarho da ya ja ta bayan ƙofa. Haba malam! Ƙarshen ne kawai bai min ba. Motar 'yan sandan da ta zo ta ɗauke Al an liƙa ta ne saboda dokar tace finafinai ta lokacin ba ta barin mai laifi ya sha.

Kyauta ake samunsa a intanet, amma kwafin da ƙanena ya turo dishi-dishi ne, sautin yana ta shuu. Nemi wanda aka gyara a 2018. Shi na sake kallo washegari, a nan ne ma na ga karcen hannun Haskell da kyau.