Ƙwayar cuta a Mas ko saƙo daga masu hankali, wanne zai fi girgiza addini?

Ni dai a ganina ba ɗaya bane. Ace motar nan Perseverance da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sauke a duniyar Mas a 2021 ta tono ƴar ƙwayar bakteriya, wallahi ko huɗubar Juma'a ɗaya ba zata canza ba, malam zai janyo aya ta 29 a Suratus Shura inda Allah yace ya watsa dabbobi a sammai da ƙasa, shikenan an wuce gurin.

Amma ace sigina ce ta shigo daga wasu halittu masu hankali dake wata duniyar, nan fa ake yinta. Suna da annabawa? Akwai hisabi a kansu? Mu musulmi abin zai zo mana da ɗan sauƙi tunda dama mun yarda da aljanu, masu hankali ne kuma ba ƴaƴan Annabi Adamu bane. Kiristoci zasu fi shan muhawara akan ko fansar Yesu ta haɗa dasu, duk da dai José Funes, shugaban cibiyar binciken taurari ta Vatican a lokacin, yace a 2008 yarda da wanzuwarsu bai saɓawa imani ba. Toh in sun musulunta ina zasu kalla suyi sallah?