Moovcare: Duba Mai Kansar Huhu Daga Gida, Amfaninsa da Inda Ya Gaza

Wanda aka yi wa maganin kansar huhu ba ya rabuwa da asibiti da zarar an sallame shi, domin bisa al'ada yakan koma duk bayan wata uku zuwa shida a ɗauki hoton ƙirjinsa, a duba ko ciwon ya dawo. Matsalar ita ce ciwon ba ya jiran ranar ganin likita. Wannan giɓin ne manhajar Moovcare ta zo ta toshe, wadda Dakta Fabrice Denis, likitan cutar kansa a birnin Le Mans na Faransa, ya tsara, kamfanin Sivan Innovation kuma ya gina.

Aikinta ba shi da sarƙaƙiya. Sau ɗaya a mako majinyaci, ko wani ɗan'uwansa, zai shiga ta waya ko kwamfuta ya amsa tambayoyi 12: nauyinsa, cin abinci, kasala, ciwo, tari, sarƙewar numfashi, damuwa, zazzaɓi, kumburin fuska, ƙullutu a ƙarƙashin fata, sauyin murya, da jini a majina. Manhajar tana kwatanta amsoshin da na makonnin baya, idan ta ga abin ya fara karkacewa sai ta aika wa likita saƙo, a kira majinyaci a ji ta bakinsa, a matso da ranar hoto in akwai buƙata. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take hana mutum ɓoye halinsa, domin wanda zai ce wa likita "da sauƙi" saboda kunya ko haƙuri, a nan dole ya hau sikeli ya rubuta abin da ya gani, kuma ramar da ke tafiya a hankali tare da tari mai ƙaruwa ba za su wuce ba a lura ba.

Hujjar da aka tallata ta da ita gwaji ne da aka yi a cibiyoyi 5 na Faransa, aka tantance sakamakon mutum 121. A ƙididdigar ƙarshe da aka fitar a 2019, matsakaicin tsawon rayuwar masu amfani da manhajar ya kai wata 22.5, na sauran kuwa wata 14.9. Dalilin ma ya fito fili: lokacin da aka gano ciwon ya dawo, kimanin kashi 76 cikin ɗari na masu manhajar suna da ƙarfin jikin da za su iya ɗaukar cikakken magani, alhali a ɗaya ɓangaren kusan kashi 33 ne kawai. A 2020 inshorar lafiya ta Faransa ta amince ta riƙa biyan kuɗinta ga wanda likita ya rubuta wa.

Duk da haka, ina da ja. Mutum 121 ba su da yawa, an tsayar da gwajin kafin wa'adinsa, kuma kamfanin da ke da manhajar ne ya ɗauki nauyinsa. Yawancin waɗanda aka gwada da su ciwonsu ya riga ya yi nisa, saboda haka bai dace a ɗauki alƙaluman a ɗora wa wanda aka yi wa tiyata tun da wuri ba. Wani gwaji mafi girma a Amurka mai suna PRO-TECT, wanda ya haɗa mutum fiye da 1,000 masu kansa iri-iri da wata manhajar daban, ya nuna sauƙin rayuwa da raguwar zuwa sashen gaggawa, amma bai nuna ƙarin tsawon rai ba.

Akwai kuma abin da talla ba ta cika faɗa ba: manhajar ƙararrawa ce kawai. Idan saƙo ya shiga da yammacin Juma'a ba wanda ya buɗe shi sai Litinin, ko asibitin ba shi da gurbin ɗaukar hoto cikin kwanaki kaɗan, majinyaci ya cike tambayoyinsa ne a banza, ga fargabar zaman jira. Tsofaffin da ba su saba da intanet ba kuma sai sun jingina da 'ya'yansu kowane mako.

Ina ganin ta cancanci a gwada ta ga mai kansar huhu da ke cikin haɗarin dawowar ciwo, da sharaɗin ya tambayi asibitinsa tun farko wane ne ke karanta saƙonnin, kuma cikin awa nawa ake kira.