Jiniya mai fanka biyu: ƙararta ta kai, matsalarta wutar layi uku ce

Wannan jiniyar ta gargaɗi, irin wadda ake kafawa a kan doguwar sanda a masana'anta ko tsakiyar unguwa, ba ta da lasifika ko ɗaya a cikinta. Injin lantarki ne a tsakiya, da fanka a kowane gefensa. Kowace fanka tana juyawa cikin wani gida na ƙarfe mai tagogi wanda ba ya motsi. Iska na shiga ta baki, fanka ta watsa ta zuwa gefe, fukafukanta kuma suna buɗe tagogin suna rufewa. Wannan datsewar iska ita ce ƙarar.

Lissafin a fili yake. A wutarmu ta Nijar, injin yana juyawa kusan sau 2,850 a minti. Gefen da ke da taga 10 yana datse iska sau 475 a daƙiƙa, mai taga 12 kuma sau 570. Muryoyin biyu idan suka haɗu ba sa yi wa kunne daɗi. Hawa da saukar kukan daga kunna injin da kashe shi ne: yana ƙara gudu murya na tashi, yana lafawa tana sauka.

Ta fuskar ƙarko mun yaba da ita, domin zafin Afrilu da ke cinye batir bai dame ta ba. Abokin gabarta ƙura ce. Ratar da ke tsakanin fanka da gidanta ƴar ƙarama ce ƙwarai, saboda haka ƙurar hunturu ko gidan zanzaro kan sa fanka ta riƙa goga, ko ta cije gaba ɗaya. A sa raga a baki, a duba boris, a kunna ta gwaji kowane wata.

Inda muke da ja shi ne wuta. Layi uku take so, na volt 380, kuma wajen tashi tana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci a kan gudu. Layi ɗaya ya ɗauke, injin ba zai iya tashi ba, sai ya yi ta gurnani har wayoyinsa su ƙone, sai fa idan an sa masa na'urar kariya. Ruwa da iska irin na daminar 2024, da ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, shi ne lokacin da ake bukatar jiniya, kuma a irin lokacin ne wuta ta fi ɗaukewa. Wanda ba shi da janareto mai ƙarfi, gara ya nemi mai lasifika da ke aiki da batir da hasken rana.

Kada a dogara da nisan da aka rubuta a kwali. Duk ninkin nisa yana rage ƙarar da desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti), gine-gine da duwatsun Damagaram kuma suna tare sauti. A kafa ta sama da rufin gidajen kewaye, mai aiki kusa da ita kuma ya toshe kunnuwansa.