Wata uku ina ganin likitar ƙwaƙwalwa ta manhaja

Likitan farko da na kai wa kukan ciwon damuwa bai cika minti goma da ni ba, ya rubuta min maganin fluoxetine. Kwana biyar na sha na ajiye. Gabana sai faɗuwa yake, ɗan barcin da nake samu ma ya ƙaurace. Don haka da ƙawata ta nuna min manhajar da ake ganin likita ta bidiyo, ban sa rai da komai ba.

Kafin a haɗa ni da likita sai da na amsa tambayoyin PHQ-9 na damuwa da GAD-7 na fargaba. Daga nan likitar ta tsaya kan barcina kusan rabin awa: yaushe nake kwanciya, sau nawa nake farkawa, me ke zuwa min a rai. Na ce mata ƙarfe uku na dare idona biyu, ina bin silin da kallo, ina lissafin masifar da ba ta auku ba.

Ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce wanda damuwarsa ta haɗu da fargaba, magani yakan jinkirta kama shi. Ta kawo binciken STAR*D na Amurka, inda aka fara ba duk masu ciwon damuwar da ke cikinsa maganin citalopram: a sakamakon da aka wallafa a 2008, kusan 22 cikin 100 na masu fargaba suka warware, sauran kuwa kusan 33. Ta ƙara da cewa rashin barcin da ya rage bayan an samu sauƙi yana cikin abubuwan da ke dawo da ciwon, shi ya sa ba za ta bar shi sai daga baya ba.

Sertraline ta fara min da shi, miligram 25 da safe, ta gargaɗe ni cewa makonni biyun farko fargabar na iya ƙaruwa. Wannan gargaɗin ne ya hana ni sake jefar da magani. Ta kuma sa ni rubuta lokutan barcina kullum, in tashi a lokaci ɗaya ko da daren bai yi kyau ba.

Inda masu manhajar suka ba ni haushi shi ne saƙo. Ranar da hannuna ke rawa na rubuta musu, sai bayan kwana biyu aka amsa. Wannan ba daidai ba ne ga mai irin ciwona.

A mako na bakwai ƙararrawar waya ce ta tashe ni. Na jima zaune a bakin gado ina duba agogo.