Dillalan da suka sama min haya ni da muzuruna

A Zariya dillalin gidaje zai tambaye ki aikinki, yawan 'ya'yanki, ina maigidanki, da ko za ki iya biyan shekara a dunƙule. Maganar dabba kuwa ba a ma kai ga tattauna ta, "ba a yarda ba" ce tun daga bakin ƙofa. Shi ya sa nake ganin wani ƙaramin ofishi a Sabon Gari, wanda ke kula da gidajen haya a Samaru da Hanwa, ya cancanci a yi masa shaida, duk da akwai inda ya gaza.

Ban ɓoye musu cewa ina da muzuru ba. Yaron ofishin bai yatsine fuska ba, sai ya ce, "Hajiya, kawo rasit ɗin hayarki na baya da lambar tsohon mai gidanki." Suka kira shi a gabana. Tambayoyinsu uku ne: tana biya a kan lokaci, ta bar gida da ɓarna, an taɓa kawo ƙararta? Da suka gamsu sai suka je wa mai gidan da maganar.

Alhaji ya ƙi da farko, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce wani ɗan haya ya taɓa barin masa ɗaki yana zarnin fitsarin mage, fenti biyu bai kashe warin ba, ga kyanwa ta haihu a cikin silin. Gaskiya ce. Muzurun da ba a fiɗiye ba yana fesa fitsari a bango, mace kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. A nan ofishin ya ci la'adarsa. Maimakon su ce min in yi haƙuri in nemi wani gida, sai suka ƙara shafi ɗaya a takardar yarjejeniya: dabba ɗaya tak, a fiɗiye shi, a kawo katin rigakafin ciwon haukan kare, ragar taga in ya yage ni zan gyara, sannan kuɗin ajiya da za a mayar min ranar tashi in ba ɓarna. Na kai muzurun asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello aka yi masa duka, na kawo katin, Alhaji ya sa hannu yana cewa, "To, 'yata, amana ce."

Yanzu maƙwabciyata, wadda da farko take kora shi da tsintsiya, ita ke ajiye masa kan kifi, don tun zuwansa ɓera ya daina fasa mata buhun masara. A ƙasar da zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a Borno tun 1969, yake dawowa duk rani ta hanyar ɓeraye, mai gida ya kamata ya yi lissafin wannan kafin ya hana. Ni kuma nawa aikin shi ne kaskon yashi a bayan ƙofa, ina kwashewa safe da yamma.

Kare ba sa yarda da shi a gidan da ake raba tsakar gida, kuma na goyi bayansu. Ga yara, ga butocin alwala a jere, ga haushi cikin dare. Mai neman gida guda da katangarsa dai suna sauraronsa.

Inda suka ba ni haushi: kuɗin ajiyar mage ɗaya ne da na tunkiya, alhali kowa ya san wanda ya fi ɓata siminti. Kuma ragon layyar ɗan mai gida ya yi makonni a ɗaure jikin famfo, ba takarda ba ajiya, mu ke share kashinsa. Da na yi magana sai yaron ofishin ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, ai wannan na ibada ne." Gyara ma suna da nawa, sokawe ya cika sai da muka yi ta sintiri. La'ada kashi 10 cikin 100 ce kamar ko'ina, ga kuɗin lauya a kai.

Duk da haka zan tura musu mai neman gida. Ki tafi da rasitanki, ki faɗi dabbarki tun farko, kuma ki tsaya sai an rubuta adadin kuɗin ajiyar da ranar mayar da shi, don wannan layin sai da na roƙa aka saka.